Jost Metzler da Jirgin U-69 a Bakin Tashar Legas, 1941: Yaƙin Ƙarƙashin Teku da Manomin Ƙasar Katsina

Gabatarwa

A garuruwan da ke kewaye da Zobe, wato Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukansu, ana tuna Yaƙin Duniya na Biyu da sunan Yaƙin Hitila ko Yaƙin Bama, kuma abin da ya fi zama a bakin mutane shi ne labarin samarin da aka ɗiba soja, da tsadar gishiri da kananzir da yadi. Ba kasafai ake kawo maganar teku a cikin wannan labari ba, domin tsakanin waɗannan garuruwa da gaɓar Legas akwai tafiyar ɗaruruwan kilomita, kuma yawancin manoman wancan zamani ba su taɓa ganin teku da idonsu ba. Amma gyaɗar da suka noma da audugar da suka tsinka duk ta teku suke fita, gishirin kanti da akoko da alawayyo kuma ta teku suke shigowa, saboda haka duk wanda ya iya tare bakin tashar Legas ya sa hannu a aljihun manomin Kurfi ko da bai san da zamansa ba.

Wannan maƙala ta bi rayuwar aikin mutum ɗaya da ya gwada yin haka, wato Jost Metzler, kwamandan jirgin ƙarƙashin teku na Jamus mai lamba U-69, wanda ya binne nakiyoyi a mashigar tashoshin Takoradi da Legas a ƙarshen watan Mayun 1941. Marubutan tarihin yaƙin teku sun saba auna irin waɗannan kwamandoji da yawan tan ɗin jiragen da suka nutsar, tan kuwa a nan ma'auni ne na faɗin cikin jirgi ba nauyinsa ba, kuma a wannan sikeli Metzler matsakaici ne, domin abin da ya nutsar bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da takwaransa Otto Kretschmer ya nutsar ba. Matsayin maƙalar shi ne wannan awo bai wadatar ba, kuma mai nazari da ke zaune a ƙasar Katsina yana da dalilin da zai duba aikin wannan mutum ta fuskar hanyar da ya nemi toshewa da mutanen da ke cin abinci a kanta.

Daga jirgin fatauci zuwa rundunar ruwa

An haifi Metzler ranar 26 ga Fabrairun 1909 a Altshausen, wani ƙaramin gari a kudancin Jamus, nesa da teku. Ya shafe kimanin shekara takwas yana aiki a jiragen fatauci kafin ya shiga rundunar ruwan Jamus a watan Oktoban 1933, shekarar da Hitila ya hau mulki. Yarjejeniyar Versailles, wadda aka ƙulla a 1919 bayan an ci Jamus a Yaƙin Duniya na Farko, ta hana ta mallakar jiragen ƙarƙashin teku kwata-kwata, sai a 1935 ta fito fili da su bayan wata yarjejeniya da ta yi da Birtaniya. Rundunar da ke faɗaɗa cikin gaggawa tana bukatar hafsoshin da suka riga suka san teku, shi ya sa ta buɗe ƙofa ga matuƙan jiragen fatauci, kuma ta wannan ƙofa ce Günther Prien, wani kwamandan irin waɗannan jirage, shi ma ya shiga. Wannan asali yana da muhimmanci ga abin da ya biyo baya, domin wanda ya yi shekaru yana shiga tashoshi yana fita ya san fitilun alama da yanayin mashiga da ɗabi'ar matuƙan jiragen kaya, ilimin da aka same shi don kai kaya lafiya, aka kuma juya shi don hana kaya isa.

A watan Afrilun 1940 ya koma sashen jiragen ƙarƙashin teku, ranar 2 ga Nuwamba na wannan shekara kuma aka damƙa masa sabon jirgi, U-69, wanda aka ƙera a Kiel. Shi ne na farko a samfurin da ake kira VIIC, samfurin da Jamus ta fi ƙerawa a duk tsawon yaƙin. Tsawonsa mita 67 ne, yana ɗaukar mutane tsakanin 44 da 52, yana da bututu biyar na harba tofido, wato dogon makami mai injin kansa da ke tafiya a ƙarƙashin ruwa har ya daki cikin jirgi, da kuma igwa a samansa. Sunan jirgin ƙarƙashin teku yana iya ruɗar mai karatu, domin yawancin tafiyarsa a saman ruwa yake yi da injin dizal, inda yake kai wa gudun kilomita 33 a awa, idan ya nutse kuwa sai ya koma kan batir, gudunsa ya faɗi zuwa kilomita 14 a awa, kuma ko ya lallaɓa a hankali ba ya wuce kilomita 150 sai ya fito ya sha iska ya cika batir. Nutso hanyar ɓuya ce da kai hari, ba hanyar tafiya ba.

Fitarsa ta farko, a watan Fabrairun 1941, a arewacin Tekun Atlantika ya yi ta, inda ranar 17 ga wata ya nutsar da jirgin Birtaniya mai suna Siamese Prince ba tare da ko mutum ɗaya ya tsira ba. Ya kamata a riƙe wannan a zuciya, domin littattafan da aka rubuta daga baya sun fi son tuna U-69 da tambarinsa na saniya mai dariya, wanda ma'aikatansa suka kwaikwayo daga kwalin wani cukun Faransa lokacin da aka umarce su su zana bijimin da ke tambarin rukuninsu, har tambarin ya zama sunan littafin Metzler da aka fassara zuwa Ingilishi. Hoton raha ne a jikin abin da aka ƙera don kisa.

Dalilin gangarowa kudu

Abubuwa biyu da suka faru a watan Yunin 1940 su suka jawo yaƙin teku zuwa Afirka ta Yamma. Faɗuwar Faransa ta ba Jamus tashoshin Lorient da Saint-Nazaire a bakin Atlantika, abin da ya rage wa jiragenta tafiya mai yawa, shigar Italiya yaƙi kuma ta rufe Bahar Rum ga jiragen fataucin Birtaniya, ta yadda kayan Indiya da Masar da Gabas mai Nisa suka koma zagayowa ta ƙarshen kudancin Afirka. Freetown ta Saliyo ta zama zangon da ake haɗa ayari, wato jirage masu yawa da ke tafiya tare ƙarƙashin rakiyar jiragen yaƙi, kamar yadda fataken Gwanja suke jiran juna a zango su tashi bayan madugu ɗaya don tsoron 'yan fashi. Matsalar ita ce jiragen rakiya ba su wadata ba, saboda haka kafin jirgi ya iso Freetown daga Legas ko Takoradi ko Kudancin Amurka, sau da yawa shi kaɗai yake tafe. Karl Dönitz, shugaban rundunar jiragen ƙarƙashin teku, wanda dabararsa ita ce a nutsar da jirage fiye da yadda abokan gaba za su iya ƙerawa ko a wane teku aka same su, ya ga wannan giɓi, ya riƙa tura manyan jiragensa samfurin IX zuwa can a 1941. Ɗaya daga cikinsu, U-107 na Günter Hessler, surukin Dönitz, ya nutsar da jirage 14 a fita ɗaya, abin da babu wanda ya kai shi a duk yaƙin, kuma a cikinsu akwai Adda, jirgin fasinja na kamfanin Elder Dempster da ke kan hanyarsa ta zuwa Legas.

Gaɓar Gini tana da wani muhimmanci na dabam. Tun watan Satumban 1940 Birtaniya take kawo jiragen saman yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi ta Gold Coast, wato Gana ta yau, a haɗa su a can, su tashi su bi ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy da El Fasher da Khartoum har Alƙahira, inda ake bukatarsu don yaƙin hamadar Libiya. Filin jirgin saman Kano zango ne a wannan hanya, wadda dubban jirage suka bi kafin ƙarshen 1943. Legas kuwa ita ce babbar ƙofar Nijeriya. Layin dogo ya isa Kano a 1911, reshensa da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kuma gyaɗar tsakiyar ƙasar Katsina, bayan an auna ta a kanti an ɗinke buhu, a bayan jaki ko raƙumi ko a mota take tafiya zuwa bakin dogo, daga nan ta gangara kudu. Rundunar sojan Nijeriya da aka ɗauka ta teku zuwa Mombasa a 1940, wadda ta yi yaƙin Habasha, ita ma ta ruwa za ta komo.

U-69 ya bar Lorient ranar 5 ga Mayun 1941 ɗauke da nakiyoyi a maimakon wani ɓangare na tofidonsa. Ba a ƙera samfurinsa don doguwar tafiya irin wannan ba, kuma shi ne ƙaramin jirgi na farko da aka tura wannan nisa, bisa dogaro da cewa tankar mai za ta jira shi a tsakiyar teku, abin da ya faru kuwa, domin ya sha mai daga tankar Egerland kafin ya juya gabas. Babu na'urar sanyaya iska a cikinsa, mutum biyu ke karɓa-karɓa a gado ɗaya, ɗaya daga cikin bayan gida biyu ana cika shi da abinci a farkon tafiya, burodi kuma yana yin fumfuna cikin kwanaki kaɗan saboda zafi da danshi.

Al'amarin Robin Moor

Da asubahin 21 ga Mayu, fiye da kilomita 1,000 yamma da Freetown, Metzler ya tsayar da wani jirgin kaya mai suna Robin Moor, mai tan 4,999, wanda ya taso daga New York zai je Cape Town. Jirgin na Amurka ne, tutarsa a zane take a jikinsa, Amurka kuma ba ta shiga yaƙi ba tukuna, har ma Hitila ya ba da umarnin a guje wa abin da zai jawo ta. Metzler ya kira mataimakin kyaftin ya yi masa tambayoyi, ya yanke hukuncin cewa jirgin na ɗauke da kayan da aka haramta kai wa abokan gaba, ya ba mutane 46 da ke ciki, har da mata da ƙaramin yaro, ɗan lokaci su sauka cikin kwalekwalen ceto huɗu, sa'an nan ya nutsar da jirgin da tofido da igwa. Ya bar musu 'yan gwangwanayen burodi da man shanu ya tafi.

Masu kare Metzler suna kafa hujja da cewa ya yi gargaɗi, bai harbi kowa ba, kuma babu wanda ya mutu. Hujjar gaskiya ce iyakar inda ta tsaya, amma ba ta kai ga wanke shi ba. Yarjejeniyar Landan ta 1936 kan jiragen ƙarƙashin teku, wadda Jamus ta amince da ita, ta wajabta a kai fasinjoji da ma'aikata wurin aminci kafin a nutsar da jirgin fatauci, ta kuma fayyace cewa kwalekwale ba wurin aminci ba ne sai idan akwai ƙasa kusa ko wani jirgi da zai ɗauke su, tare da la'akari da yanayin teku. Babu ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan da ya cika. Kwalekwale uku, da mutum 35, sun yi kwana 13 a kan ruwa kafin jirgin Birtaniya City of Wellington ya tsince su ya kai su Cape Town, na huɗun kuwa, da mutum 11, ya yi kwana 18 kafin jirgin Birazil mai suna Osório ya gan shi ya kai su Recife. Tsirar waɗannan mutane ta zo ne daga ƙoƙarinsu da ƙwarewar matuƙansu da kuma ikon Allah, ba daga tanadin wanda ya bar su a can ba.

Labarin bai kai Amurka ba sai da aka tsinci kwalekwale na huɗu, da ya kai kuwa sai ya yi tasirin da ya fi ƙarfin girman jirgin. Ranar 14 ga Yuni gwamnatin Shugaba Roosevelt ta riƙe dukiyar Jamus da ke Amurka, ranar 16 ta ba da umarnin rufe ƙananan ofisoshin jakadancinta, ranar 20 kuma shugaban ya aika wa majalisa saƙo mai zafi kan lamarin. Jamus, wadda ke shirin auka wa Tarayyar Sobiyet ranar 22 ga wata, ta sake jaddada wa kwamandojinta su kauce wa jiragen Amurka. Robin Moor bai shigar da Amurka yaƙi ba, harin Pearl Harbor ne ya yi haka a watan Disamba, amma ya taimaka wa masu son ta matsa kusa da Birtaniya. A lissafin tan, Metzler ya samu dubu biyar, a lissafin siyasa kuwa ya jawo wa ƙasarsa asarar da ta fi haka nesa ba kusa ba.

Takoradi, Legas da Akkara

Nakiyar da U-69 ya ɗauko ba irin mai yawo a saman ruwa ba ce. Ana tura ta ne ta bututun tofido ta kwanta a ƙasan teku, ba ta bukatar jirgi ya taɓa ta, domin a cikinta akwai na'urar da ke jin ƙarfin maganaɗisun ƙarfen jirgi idan ya gifta ta samanta, sai ta tashi ta karya shi daga ƙasa. Irin wannan nakiya ba ta aiki sai a ruwa marar zurfi, ma'ana dole mai binne ta ya shiga har bakin tasha, inda shi kansa ba shi da zurfin da zai nutse ya ɓuya idan an gan shi. A makon ƙarshe na Mayu, da dare, a saman ruwa, Metzler ya yi haka a Takoradi, tashar da aka buɗe a 1928, sa'an nan ya wuce gabas ya maimaita a Legas. Shigarsa da fitarsa ba tare da an tare shi ba sun nuna yadda tsaron gaɓar ya kasance da rauni a lokacin, sun kuma nuna ƙwarewar tuƙi da ba za a hana masa ita ba.

A hanyar komawa, cikin daren da ya wayi 31 ga Mayu, ya leƙa Akkara, wadda ba ta da tasha mai zurfi a wancan zamani, jirage kan tsaya ne a fili nesa da gaɓa, kwalekwale su riƙa jigilar kaya ta cikin igiyar ruwa. A can ya harbi Sangara, jirgin Elder Dempster mai tan 5,445, wanda ya zauna a ƙasa cikin ruwa marar zurfi har gabansa na waje. Daga baya an ɗago shi, an gyara shi, ya koma aiki bayan yaƙi.

Nakiyoyin Legas sun ci jirgi ɗaya, ranar 4 ga Yuni, amma irin jirgin da suka ci ya cancanci a tsaya a kansa. Sunansa Robert Hughes, mai tan 2,879, kuma jirgin yasa ne, wato wanda aikinsa shi ne kwashe yashi daga ƙasan mashiga don ta ci gaba da zurfi. Legas ba tasha ce da Allah Ya yi ta a buɗe ba. A bakinta akwai tudun yashi da igiyar ruwa ke tarawa, wanda ya hana manyan jirage shiga har sai da aka gina katangun dutse masu miƙewa cikin teku aka yi ta yasa, jirgin wasiƙu na farko ya shiga a 1914, aka kuma buɗe matsayar Apapa a 1926. Yashin ba ya daina dawowa, saboda haka yasa ba ta ƙarewa, kuma jirgin da ke yin ta yana cikin abubuwan da suka riƙe tashar a buɗe. A teburin Dönitz, Robert Hughes ƙaramin adadi ne da bai kai rabin jirgin kaya mai kyau ba, ga tashar da gyaɗar Arewa ke fita ta cikinta kuwa, asara ce mai wuyar mayarwa a lokacin da duk masana'antun jirage na Birtaniya ke fama da aikin yaƙi. An rasa rayuka a cikinsa, na ma'aikatan tasha waɗanda ba sojoji ba ne, kuma an rufe tashoshin biyu na ɗan lokaci har aka share nakiyoyin.

Komawa

Yayin da U-69 ke gaɓar Gini, abubuwa sun juya a bayansa. An nutsar da babban jirgin yaƙin Jamus, Bismarck, ranar 27 ga Mayu, Birtaniya kuma, wadda ta ƙwace takardun rubutun sirri na na'urar Enigma daga jirgin U-110 ranar 9 ga Mayu da kuma daga wani jirgin duba yanayi kwana biyu kafin nan, ta fara karanta saƙonnin rundunar ruwan Jamus, ta bi tankokin mai da ke ɓoye a tsakiyar teku ɗaya bayan ɗaya. Egerland ta faɗa hannu ranar 5 ga Yuni, ma'aikatanta suka nutsar da ita da kansu. Metzler ya wayi gari da ragowar mai da ba zai kai shi Faransa ba, ya kama hanyar arewa yana lallaɓawa. Duk da haka, ranar 27 ga Yuni ya auka wa ayarin SL 78 da ya taso daga Freetown, ya nutsar da River Lugar, wanda ke ɗauke da tama, ya nutse nan take da mafi yawan ma'aikatansa, da kuma Empire Ability, wanda asalinsa jirgin Jamus ne mai suna Uhenfels da Birtaniya ta kama a 1939. A ƙarshen watan ya shiga Las Palmas ta tsibiran Kanari a asirce ya sha mai daga jirgin Jamus Corrientes da ke tsaye a can, abin da ya saɓa wa matsayin Sifen na 'yar ba-ruwanmu, ranar 8 ga Yuli kuma ya isa Saint-Nazaire bayan kwana 65 a teku. Ranar 28 ga Yuli aka ba shi Ritterkreuz, babbar lambar girman sojan Jamus da ake ratayawa a wuya.

Abin da ya iso ƙasar Katsina

Kuskure ne a ce nakiyoyin Metzler ne suka kawo tsadar da mutanen Dutsin-Ma da Kurfi suka sha. Tashar Legas ta koma aiki, Fatakwal tana nan a matsayin ƙofa ta biyu tun da aka haɗa layin gabas da na arewa, jiragen sama kuma ba su daina sauka a Kano ba. Abin da ya iso Arewa shi ne nauyin yaƙin teku gaba ɗaya, wanda fitar U-69 ɓangare ne nasa da ake iya nunawa da yatsa. Duk jirgin da ya nutse, da duk kwanan da jirgi ya ɓata yana jiran ayari, yana rage gurbin kaya, gurbin da ya rage kuma hukumar Landan ce ke raba shi, kayan yaƙi a gaba, bukatar talakan mulkin mallaka a baya. Elder Dempster, wanda ke riƙe da mafi yawan jigilar Afirka ta Yamma, ya rasa manyan jiragensa na fasinja ɗaya bayan ɗaya: Accra a watan Yulin 1940, Apapa a Nuwamba sakamakon harin jirgin sama, Adda a Yunin 1941, sai Abosso a Oktoban 1942, wanda mutane 362 suka mutu a cikinsa. Kamfanin yana ɗaukar 'yan Afirka ta Yamma da yawa aiki, musamman a ɗakin wuta da wajen ɗaukar kaya, kuma wanda ke ɗakin wuta a ƙasan jirgi shi ne tofido ke fara samu.

Gishirin kanti, wanda kamfanoni irin su U.A.C. da John Holt ke kawowa daga Ingila, ya yi ƙarancin da ya sa gwamnati ta shiga kayyade shi a 1941. Da a ce lokacin zaman lafiya ne, da ƙasar Katsina ta ƙara jingina da gishirin Balma da ayarin Abzinawa ke kawowa, amma daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 Maraɗi da Damagaram suna hannun gwamnatin Vichy ta Faransa, wadda ke ɗasawa da Jamus, iyaka kuma ta zama abin sa wa ido. Ta fuskar gyaɗa, manomi ya rasa kasuwannin Turai da yaƙi ya rufe, gwamnatin Birtaniya ta zama ita ce mai saye a farashin da ta yanka, alhali haraji da jangali suna nan da kuɗi a hannu ake biyansu. Da Japan ta cinye Malaya da tsibiran Indunusiya a 1942, Birtaniya ta rasa man girki da kuzar da take samu daga can, sai aka juyo kan Nijeriya da matsin a ƙara noman gyaɗa, aka kafa hukumar sayen amfanin gona ta Afirka ta Yamma, aka kuma ɗebi mutane aikin tilas a ma'adinan kuza na Jos. Ke nan manomin tsakiyar Katsina ya shiga tsakanin hannu biyu, ɗaya yana nutsar da jirgi a teku, ɗaya yana raba abin da ya rage ba tare da shawararsa ba, kuma adalcin tarihi shi ne a ambaci duka biyun. Haɗarin bai gushe da wuri ba, domin a daren 30 ga Afrilun 1943 jirgin U-515 na Werner Henke ya nutsar da jirage bakwai daga ayari ɗaya da ya taso daga Takoradi, 'yan watanni kafin a fara ɗaukar Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta wannan teku zuwa Indiya, Runduna ta 82 kuma ta bi bayanta a 1944.

Sauran shekarun aiki

Fitar Afirka ita ce ƙololuwar aikin Metzler, kusan kuma ita ce ƙarshensa a fagen daga. A watan Agustan 1941, yana cikin fita ta gaba, ciwon ƙoda mai tsanani ya kama shi, mataimakinsa ya komo da jirgin tasha, daga nan bai sake kai hari ba. Ya koma aikin horarwa, daga watan Oktoban 1943 kuma ya shugabanci rukuni na 19 a Pillau, a gaɓar Tekun Baltik, inda ake koyar da sababbin kwamandoji, a daidai lokacin da yaƙin Atlantika ya riga ya juya wa Jamus baya, waɗanda ake horarwa kuma da yawansu ba sa komowa daga fitarsu ta farko. Daga cikin kimanin mutum 40,000 da suka yi aiki a jiragen ƙarƙashin tekun Jamus, kusan kashi uku cikin huɗu sun mutu, ma'aikatan jiragen fataucin Birtaniya da aka kashe kuma sun haura 30,000. U-69 kansa ya ci gaba a hannun wasu. A ƙarƙashin Ulrich Gräf ya nutsar da jirgin fito mai suna Caribou kusa da Newfoundland ranar 14 ga Oktoban 1942, mutane 137 suka mutu, ranar 17 ga Fabrairun 1943 kuma jirgin yaƙin Birtaniya Fame ya nutsar da shi da duka mutum 46 da ke ciki.

A shari'ar Nuremberg ta 1946 kotu ta tabbatar da cewa rundunar Dönitz ta karya yarjejeniyar 1936, amma ba ta gina hukuncinsa na ɗaurin shekara goma a kan wannan ba, domin an nuna mata cewa Birtaniya ta yi irin haka a wasu ruwaye, Amurka ma ta yi a Tekun Fasifik tun ranar da ta shiga yaƙi. Ba a gurfanar da Metzler kan Robin Moor ba. Labarin fitarsa ya fara fitowa a littafi a Jamus a 1943, lokacin da duk abin da aka buga sai ya bi ta hannun masu farfagandar gwamnati, saboda haka mai nazari zai karanta shi da taka tsantsan, fassarar Ingilishi kuma ta fito a 1955. Ya mutu ranar 29 ga Satumban 1975 a Bavendorf, kusa da Ravensburg, a yankin da aka haife shi, yana da shekara 66.